Alƙalami Biyu a Hannu Ɗaya: Yadda Ake Rubuta Wasan Daɓe da Yadda Ake Sharhinsa

Mai son zama marubucin wasan kwaikwayo, aikinsa na farko kallo ne. Ya nemi wasa goma ya zauna ya kalle su tun daga buɗe labule har rufewa, ya rubuta shafi biyu a kan kowanne, sannan ya fara tunanin nasa. Wasan 'yan sakandare ranar rabon kyaututtuka ya shiga lissafi, haka na ɗaliban jami'a, haka na ƙungiyar unguwa da ake yi a filin firamare. Wasan daɓe da kunne ake auna shi, kunnen kuwa ba ya horuwa sai a tsakiyar 'yan kallo, inda mutum zai ji lokacin da zaure ya yi tsit, ya kuma ji lokacin da aka fara tari da gyara zama da latse-latsen waya. Wannan tarin ya fi kowane malami saurin faɗa wa marubuci inda wasansa ya yi sanyi.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin wannan hanya shi ne George Bernard Shaw. An haife shi a Dublin a 1856, ya koma Landan a 1876, ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai biyar waɗanda kamfanonin ɗab'i suka yi ta mayar masa da su. Aikin jarida ne ya riƙe shi. Ya yi shekaru yana sharhin kiɗa, sannan daga 1895 zuwa 1898 ya zama mai sharhin wasan kwaikwayo na mujallar Saturday Review, yana sa hannu da haruffa uku, G.B.S. Wato shekara uku da 'yan watanni yana zama a gidajen wasa na Landan kusan kowane mako, yana kallon mai kyau da marar kyau, yana zaunawa ya faɗi dalilin da ya sa kowanne ya tsaya ko ya faɗi. An riga an nuna wasansa na farko tun 1892, amma manyan wasannin da suka kai shi ga kyautar Nobel ta 1925 yawancinsu bayan wancan zama aka rubuta su. Ya rasu a 1950 yana da shekara 94, ya bar wasa fiye da sittin. Za mu sake waiwayarsa idan mun zo maganar rikicin da ke tsakanin alƙaluman biyu, wato na marubucin wasa da na mai sharhi.

Abin da ake yanke wa hukunci kafin a rubuta layi ɗaya

Sai ka san dandamalin da za a yi wasan a kai. Akwai wanda 'yan kallo suke gaba ɗaya kawai, irin na zauren taron makaranta. Akwai wanda suke kewaye ta gefe uku ko ta ko'ina, kamar yadda ake taruwa a kan masu tashe ko 'yan kama. Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda aka gina da ƙasa cikin salon ginin Hausa a shekarun 1970, a fili yake, ba shi da irin labulen nan da ake ja a ɓoye masu sauya kaya. Idan ka rubuta "labule ya rufe, a shigo da gado da kabad" alhali inda za a yi wasan babu labule, ka ɗora wa darakta kayan da ba nasa ba.

Sai lokaci. Tsakanin La'asar da Magariba abin da ke hannunka bai cika wuce awa biyu ba, kuma ba a fara taro a kan lokaci, saboda haka wasan yamma ya tsaya tsakanin minti 45 zuwa 70. Wasan da aka kira sallah yana tsaka da ƙulli ya mutu, don waɗanda suka fita rabinsu ba za su dawo ba. Mai tsawon awa ɗaya da rabi ko biyu a kai shi bayan Isha'i, ko a tsara hutunsa ya faɗo daidai da Magariba.

Ga mai farawa, 'yan wasa huɗu zuwa bakwai sun isa, wuri ɗaya ko biyu, labarin kuma ya faru cikin ɗan gajeren lokaci. A nan ne mafi yawan sababbin marubuta suke tuntuɓe, saboda a kan fim suka tashi. Za ka ga an kawo rubutu mai fitowa talatin: gida, mota, asibiti, kasuwa, filin jirgi, a sake komawa gida. Kyamara tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. A daɓe kuwa mutane ne za su ɗauki kujeru cikin duhu, kuma kowane sauyi yana cin rabin minti zuwa minti guda. Sauyi ashirin ya cinye maka kusan kwata na awa, 'yan kallo suna zaune suna jin ƙarar jan benci. Maganin shi ne a jawo duniya ta zo wuri ɗaya. Zaure, tsakar gida, shagon tela, teburin mai shayi, layin ɗiban ruwa: duk wurare ne da mutane suke shigowa su fita da dalili, labarin asibiti da na kasuwa kuma ya zo a bakin wanda ya dawo daga can.

Ka kuma iya faɗin wasan naka cikin jimla ɗaya mai ɗauke da mai so, da abin da yake so, da wanda ya tare shi. "Wasa ne a kan illar cin amana" jigo ne kawai, ba a iya hawa dandamali da shi. "Yaro yana son karɓar gonar mahaifinsa daga hannun baffansa kafin damina, amma kunya ta hana shi buɗe baki" shi ne wasa, domin akwai wa'adi, akwai abokin karawa, akwai kuma abin da ya ɗaure mai neman.

Magana a bakin 'yan wasa

Nan ne aikin yake, nan kuma za mu daɗe. Babban laifin da ake gani shi ne a sa mutum ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da dukansu suka sani, don 'yan kallo su ji. Ga irinsa:

YARO: Baffa, kamar yadda ka sani mahaifina ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mana gona, kai kuma ka riƙe ta ba ka ba mu komai.

Babu ɗan da zai tsaya gaban ƙanin mahaifinsa ya yi wannan jawabi, kuma kowa a zauren ya san haka. Ga yadda zancen zai iya zuwa:

YARO: Baffa, barka da yamma.
BAFFA: (bai ɗago kai ba, yana ɗinke bakin buhu) Barka kadai. Ya wajen Innar taka?
YARO: Tana gaishe ka. Ta ce wai in tambaya, ko buhu nawa aka samu bana.
BAFFA: Ita ta ce, ko kai ka ce?
YARO: (ya sunkuyar da kai) Allah ya huci zuciyarka, Baffa.
BAFFA: Damina uku ke nan tun rasuwar Yaya nake zuba wa ƙasar nan taki. An taɓa aiko ka ka tambayi kuɗin takin?

Duk labarin ya fito: mutuwar, shekarun, gonar, uwar da ke bayan fage, har da hujjar baffan, wadda ba ta banza ba ce. 'Yan kallo da kansu suka tsinto shi, shi ya sa za su riƙe shi. Ka lura da buhun ma. Ɗan wasan da hannunsa ke da aiki ya fi wanda aka tsayar yana lilo da hannuwa, kuma ƙin ɗago kai ya faɗi abin da layi uku ba za su faɗa ba.

Gaisuwa tana da nata sha'ani. Idan ka rubuta ta yadda ake yin ta a zahiri, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali zuwa sanyi, duk shigowar mutum za ta ci minti guda. Idan ka cire ta ɗungurungum, mutanenka sun zama marasa tarbiyya ba da niyyarka ba. A tsaya a musaya biyu, a kuma sa ta yi aiki. Wanda ya gajarta amsa yana fushi, wanda ya tsawaita tana yiwuwa bashi ya zo nema, surukin da ya ƙi durƙusawa kuwa ya riga ya buɗe faɗa. Sunayen dangantaka ma a kula da su. A Kano ɗan'uwan uba baffa ne, ɗan'uwan uwa kawu, kuma matar da ba ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari a fitowa ta ɗaya kada a ji ta kama a ta huɗu sai in da dalili, dalilin kuma ya zama abin da zai girgiza zauren.

Karin magana gishiri ne, an sani, amma idan kowa a wasan yana zuba shi, daga tsoho har yarinya mai talla, sai muryoyin su zama ɗaya, wato muryar marubucin. A ba mutum ɗaya ko biyu wannan baiwa. Wani ya zama mai gajeren zance, wani mai rantsuwa, wani mai sirka Ingilishi ko Faransanci don a san ya yi boko, wani mai karin harshen Sakkwato ko na Damagaram idan labarin ya ba da dama kuma akwai ɗan wasan da ya iya da gaske. Gwajinsa mai sauƙi ne: rufe sunayen da ke gefen hagu da takarda, ka karanta shafi ɗaya. In ba ka iya gane mai magana ba, ka koma aiki.

Sai dogon jawabi. Duk maganar da ta wuce layi shida ko bakwai a bakin mutum ɗaya, ka tambayi kanka me sauran da ke kan dandamali suke yi a lokacin. Wannan cuta ta fi kama wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyi suke biya a yi, inda a fitowar ƙarshe likita ko malami yake shigowa ya juyo ga 'yan kallo ya karanta musu darasi. Daga nan ne mutane suke fara neman takalmansu. Idan saƙon bai fito daga abin da ya sami mutanen wasan ba, likitan ba zai cece shi ba.

Ba laifi a tuna cewa wasan Hausa na rubuce ya daɗe yana bi ta kunne kafin ya shiga takarda. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi an fara jin su ne a rediyo kafin a buga su littafi, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta wasanni na zambo da gyaran al'umma waɗanda aka yi su a gaban jama'a ba tare da an buga su a lokacin ba. Rediyo makaranta ce mai kyau ga marubucin daɓe, tunda a can babu fuska ko sutura da za su rufa wa raunin magana asiri.

Tsarin shafi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Shafin farko sunan wasa da na marubuci. Na biyu jerin 'yan wasa da shekarunsu da dangantakarsu, sai wuri da zamani. A raba wasan kashi-kashi, kowane kashi fitowa-fitowa. Sunan mai magana da manyan baƙaƙe a hagu, umarnin motsi a cikin baka, a gajarce. Dama da hagu a dandamali na ɗan wasa ne lokacin da yake fuskantar 'yan kallo, ba na mai kallo ba. Shafi ɗaya na A4 yakan ci minti ɗaya zuwa biyu, gwargwadon cunkoson magana, amma kada ka dogara da wannan ƙiyasi. Karanta da ƙarfi, agogo a gabanka, ka ƙara wani abu don dariya da shiru.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne lokacin sauya sutura. Wanda ya fita ƙarshen wannan fitowa da kayan gona ba zai buɗe ta gaba da babbar riga da rawani ba. Naɗin rawani kaɗai yana cin mintoci. Ko a naɗa shi tun da wuri a kan hula a ɗinke, ko ka saka wata gajerar fitowa ta wasu mutane a tsakani.

Karatun farko da gwaji

Idan ka gama daftarin farko, ajiye shi mako biyu. Sannan ka buga kwafi ɗaya ga kowane mai karatu, ka tara su, ka raba musu matsayi. Kai kada ka karanta komai, ko umarnin cikin baka. Koma gefe da fensir. Duk inda harshen mai karatu ya sarƙe, yi alama, domin galibi jimlar ce ta karkace, sau da yawa don da Ingilishi ka yi tunaninta. Duk inda masu saurare suka fara kallon waje, yi alama. Bayan an gama kada ka tambaya ko ya yi kyau, kara za ta sa a ce maka ma sha Allah a tashi. Tambaye su su ba ka labarin da bakinsu, wa suka tausaya wa, kuma a ina suka ji gajiya. Idan mutum uku suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo ba shi ne daidai ba. Daftari uku zuwa biyar kafin a hau dandamali ba abin kunya ba ne, kuma mafi yawan gyaran yankewa ne. Shafi biyu na farko su suka fi shan almakashi, saboda marubuci yakan fara ne kafin rikicin ya fara.

Ma'aunin da masu shirya wasa suka saba da shi shi ne awa ɗaya ta gwaji ga kowane minti na wasa. Wasan minti 60 ke nan zai ci awa 60: awa biyu a rana, kwana shida a mako, mako biyar. Makon farko karatu da fahimta, na biyu tsara shiga da fita da tsayuwa, ƙarshen na uku kowa ya ajiye takarda, na huɗu gogewa, na ƙarshe kuma da sutura da fitilu da sauti kamar ranar ce. Marubuci ya halarci makon farko da wasu ranaku, amma ya kai ƙorafinsa ga darakta a keɓe. Idan ya riƙa gyara wa 'yan wasa kai tsaye, an sami limamai biyu a masallaci ɗaya. Ya daina sauya layuka mako guda kafin ranar, don layin da aka sauya a makare shi ne wanda za a manta.

Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa za ta cinye duk maganar da aka yi a hankali. Ƙaramar makirfon da ake maƙalawa a ƙirji tana ɗaukar gogar mayafi da babbar riga, saboda haka a gwada ta da ainihin kayan da za a sa, a kuma saka sabon batir kowace rana.

Sharhi

Je da wuri, kamar minti 30 kafin lokaci. Nemi takardar shirin, in babu ka rubuta sunan marubuci da darakta da manyan 'yan wasa daga bakin mai shiryawa, ka tabbatar da rubutun kowane suna. Zauna tsakiya, ba sahun manyan baƙi ba, domin kana son ka ga abin da mai tikiti na talaka ya gani, ka ji ko murya tana isowa. Riƙe ƙaramin littafi da biro. Rubutu a waya yana haska maƙwabta, yana kuma sa 'yan wasa su ɗauka hira kake yi. A cikin duhu ana rubuta manyan baƙaƙe, layi uku ko huɗu a shafi, a bar fili don kada rubutu ya hau rubutu. Abin da za ka kama ƙanana ne tabbatattu: lokacin farawa da ƙarewa, layi biyu ko uku kalma da kalma, wani motsi da ya tsaya maka a rai, inda aka yi dariya, inda zaure ya watse. Ka zauna har ƙarshe. Wanda ya fita a tsakiya ba shi da ikon yanke hukunci.

A daren nan ka mayar da waɗancan rubuce-rubucen gaggawa zuwa jimloli, don gobe ba za ka iya karanta su ba. Sharhin kansa kalma 600 zuwa 800 ya isa jarida ko shafin intanet, kuma ya fita cikin kwana ɗaya ko biyu, tun ana iya zuwa a kalli wasan.

Akwai tambayoyi uku da ake jinginawa ga marubucin Jamus, Goethe, waɗanda har yau suke aiki: me mai aikin ya yi niyyar yi, ya iya yin sa, kuma ya cancanci a yi shi. Amfaninsu yana cikin jerin. Wanda ya tsallake ta farko shi ne zai zargi wasan barkwanci da rashin zurfi, ko ya zargi 'yan aji biyar na sakandare da rashin fitilun gidan wasan ƙasa. Labarin wasan a ba shi sakin layi ɗaya, kada a tona ƙarshensa. Yawancin abin da ake kira sharhi a shafukanmu ba da labari ne daga farko har ƙarshe, sai a rufe da "wasan ya faɗakar kuma ya nishaɗantar". Wannan bai gaya wa kowa komai ba. Duk hukunci ya zo da shaidarsa a gefensa. Maimakon "uwar ta taka rawar gani", faɗi abin da ta yi: da aka kawo mata labarin ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tankaɗe, sai dai rariyar ta riƙa rawa a hannunta.

Abin da ya fi wuya, kuma inda marubucin wasa ya fi sauran masu sharhi ido, shi ne raba laifi. Fitowa ta yi sanyi: rubutun ne ya yi tsawo, ko darakta ne ya jera mutane kamar masu ɗaukar hoto, ko ɗan wasan ne ya haɗiye ƙarshen jimlolinsa? Idan akwai hali ka nemi rubutun ka karanta. In ba ka samu ba, ka faɗi abin da ka gani ba tare da ɗora shi a kan wanda ba ka tabbatar ba. Ka tsaya a kan aikin. Jikin 'yar wasa da aurenta da garinsu ba su shafe ka ba, kuma zargin satar fasaha ba a rubuta shi sai rubutun biyu suna gabanka, don yana iya kai ka kotu.

Inda alƙaluman suke karo

A 1767 aka ɗauki marubucin Jamus, Gotthold Lessing, aiki a sabon gidan wasan kwaikwayo na birnin Hamburg don ya riƙa rubuta sharhin abin da gidan yake nunawa. Ba a je ko'ina ba 'yan wasa suka nuna ɓacin ransu, sai ya daina taɓa yadda suke wasa ya koma nazarin rubutattun wasannin da ƙa'idojinsu. Gidan kansa bai wuce shekara biyu ba ya rufe. Wanda yake cin albashin gida ba ya iya faɗin gaskiyar gidan a bainar jama'a, ko da shi ne Lessing. Shaw kuma ta wata fuskar abin ya zo masa. Yana sukar manyan masu gidajen wasa na Landan, har da Henry Irving, alhali yana da wasannin da yake son a nuna, kuma bai ɓoye cewa yana yaƙi ne don irin wasan da Ibsen, marubucin wasan kwaikwayo na ƙasar Norway, ya kawo ba. Da wani wasansa ya yi kasuwa a Amurka a 1897 kuɗi suka shigo, ga kuma rashin lafiya, sai ya ajiye aikin sharhin a 1898.

A wajenmu da'irar ta fi ta Landan ƙanƙanta, kowa ya san kowa, saboda haka ƙa'idojin su zama a bayyane. Ba ka sharhin wasan da kake da hannu a ciki ko na ƙungiyarka. Idan marubucin malaminka ne ko abokinka, ko ka bar wa wani, ko ka faɗa a sakin layi na farko. Tikitin kyauta na 'yan jarida ba laifi, amma ambulan ɗin "kuɗin mota" da ake miƙawa a bakin ƙofa ka mayar cikin ladabi, domin ranar da ka karɓa ka zama maroƙin gidan. Kada ka auna wasan wani da yadda kai za ka rubuta shi. Idan kuma aka soki naka, ka bari mako ya wuce kafin ka ce uffan, in ma za ka ce, ka tsaya ga gyara kuskuren suna ko kwanan wata.

Abinci da haƙƙi

Da wuya a sami wanda wasan daɓe kaɗai yake ciyar da shi. Masu wannan sana'a suna haɗawa ne da koyarwa, ko aikin jarida, ko rubuta wa rediyo da talabijin da masu fim, ko wasannin faɗakarwa na kwangila. Littafin wasa yana samun kasuwa sosai ne idan ya shiga manhajar makarantu ko jerin littattafan jarrabawa. Akwai gasa kuma. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya tana da kyautar wasan kwaikwayo, sannan babbar kyautar adabi da kamfanin iskar gas na NLNG yake ɗaukar nauyi tana zagayowa kan wasan kwaikwayo a cikin jerin fannoni huɗu, Ahmed Yerima ya ci ta a 2006, sai dai ayyukan da suke cin ta na Ingilishi ne.

A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, rubutunka naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi, kuma kariyar tana ci gaba shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba dole ba ce, amma shaida ce mai amfani ranar jayayya. A Nijar ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar, BNDA, ne yake kula da wannan. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, a Nijeriya daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta. Mai aiki a Kano ya tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar kafin ya buga talla, ya ji abin da take nema a lokacin.

Idan wata ƙungiya ta nemi wasanka, ba ta izinin nunawa, kada ka sayar mata da shi baki ɗaya. Takarda mai shafi ɗaya ta isa: sunan wasa, sau nawa za a nuna, a ina, daga yaushe zuwa yaushe, nawa za a biya ko kashi nawa na kuɗin ƙofa, sunanka ya fito a kan talla, kuma ba za a sauya magana ba sai da yardarka. A ƙara layi ɗaya a kan ɗaukar bidiyo, a faɗi wanda yake da ikon ɗauka da wanda yake da ikon ɗorawa a YouTube ko Facebook, da kuma yadda za a raba abin da ya shigo ta can. Kowane ɓangare ya sa hannu gaban shaida ɗaya, kowa ya tafi da kwafinsa.